Kaset ɗinka da rumbun Baba

Zuwa ga yayana Lawali, a duk inda wannan takarda ta same ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka in Allah Ya ba ka su. Ni ce ƙanwarka Rakiya, wadda ka bari tana karatu a Tasawa, wadda kake ce ma Sarkin Tambaya. Yanzu na gama aikin koyarwa, jikoki sun cika mani gida, amma tambayar ba ta bar ni ba. Ba ni da adireshinka, shi ya sa na shimfiɗa takardar a inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka labari.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya ran kasuwar Gidan Amumune na hau kabu-kabu, sai na ji muryar Baba tana fitowa daga aljihun mai babur ɗin. Baban da ya daɗe a ƙasa. Saura kaɗan in faɗo. Ashe wani ne ya tono kaset ɗinka ya zuba a salula, samari suna ta tura wa juna. Mai babur ya ce mani, “Hajiya, mai wannan kiɗin ko gwani na, ko kuma ya taɓu. Gardamar da muke ke nan tun jiya.” Ban gaya mashi ko ni wace ce ba. Na dai biya shi na sauka.

Ka ga ke nan, gardamar da ka kunna tun zamanin soja har yau ba ta mutu ba.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe, da bazarar shekarar da ruwa ya ƙi. Ka sauko daga Yamai da gashi buzu-buzu da rediyo mai ɗaukar magana a rataye, kana ce mana kuna da ƙungiya, kuna kiɗan gita mai wuta irin wanda ake kira rok. Mu muna maganar hatsi, kai kana yawo kana ɗaukar ƙarar guga a rijiyar da ta yi nisa, da kukan saniyar Kawu da ta kasa tashi. Na tambaye ka me za ka yi da su, ka ce, “Ke dai jira.”

Ka kuma san dokar gidanmu. Rumbun Baba, wannan babban na laka, ba mai leƙa shi, ba mai taɓa shi sai shi. Ko Inna ba ta san abin da ke ciki ba. Kowace safiya in ya dawo masallaci, sai ya ƙwanƙwasa cikinsa da bayan yatsu, ya kasa kunne, ya wuce. Da kunne yake awo. A wannan shekarar sojoji suna rabon jar dawa a Mayahi, magidanta suna shan rana a layi, Baba ya ƙi zuwa. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, “Alhamdu lillahi, mu da sauranmu.” Har yakan ɗebi tiyar hatsi ya aika wa maƙwabta, mu kuwa kunun gidanmu kullum ƙara tsinkewa yake.

Na gan ka ranar da ka je bayan rumbun da rediyonka. Na ji ka ƙwanƙwasa. Ban kawo komai a raina ba.

Bayan ka koma, damina ta sake cin amanarmu, sai ga kaset ɗin ya iso hannun direban da ke kawo mana saƙonka. Samari suka haɗa kuɗin pil, wato batirin rediyo, aka taru a rumfar Idi mai gyaran rediyo. Ni ina hutun makaranta, na laɓe daga baya ina jin daɗi, yau za a ji yayana.

Yaya, me ke nan ka yi?

Mun zaci waƙa za mu ji, mai amshi, mai kirari. Sai wata ƙara ta taso kamar ana jan kwano a kan dutse, ta yi tsawo har mutane suka fara kallon juna. Idi ya kashe rediyon, ya zare zaren kaset ɗin, ya hura, ya naɗe da biro, ya mayar. Ƙarar ta dawo yadda take. Ya rantse ba daga rediyonsa ba ne. Daga nan ganguna suka shigo a guje, gita tana kuka, ga gugan rijiyarmu, ga saniyar Kawu. Can kuma sai shiru mai tsawo, har wani ya miƙe zai tafi, sai kiɗan ya faɗo mana gaba ɗaya, wata yarinya ta zubar da tallanta.

Kafin la'asar gari ya rabu. Malamin lekwal, makarantar bokon garinmu, wanda ya yi karatu a Yamai, ya ce wannan shi ne ci gaba, nan da wasu shekaru za mu gane. Makaɗan gari suka ce in wannan kiɗa ne, to jakinsu ma makaɗi ne. Gwaggo Hajara ta ce ba hannun mutum kaɗai ke cikin abin nan ba, a nemo maka magani. Wasu samari biyu suka ba hamata iska a kan ko ana iya rawa da shi. Wanda ya ce ana iyawa ya gwada, aka yi ta dariya har shi ma ya zauna. Akwai kuma wata tsohuwa daga garin Isawan, wadda dabbobinta suka ƙare, da ta zauna ta ji shi har ƙarshe tana share hawaye. Da aka tambaye ta, sai ta ce, “Ni ban san kiɗi ba, amma haka cikina ke yi.”

Har wani mai kaki ya zo, don an kai mashi labari wai kaset ɗin zagin gwamnati ne. A lokacin ko yunwa mutum zai ambata sai ya waiwaya. Ya zauna, ya sa aka juya mashi gaba da baya yana neman zagin, bai samu kalma ɗaya da zai riƙe ba. Ya tashi yana dafe da kai, ya ce a rage ƙara kawai.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya kashe mu yana bayan kaset ɗin.

Kiɗan ya lafa, sai aka ji ƙwanƙwasa. Kowane manomi a rumfar nan ya san wannan ƙarar, ya kuma san abin da take nufi: rumbu ne, kuma ba komai a cikinsa sai iska. Sannan sai ga tarin Baba, wanda ko yaro ya san shi, da muryarsa: “Wa ke taɓa mani rumbu?” Ba ka bar shi sau ɗaya ba. Ka yi ta maimaita shi, ƙwanƙwasa da tambaya, ƙwanƙwasa da tambaya, gita tana bin su a baya. Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka sunkuyar da kai, ni kuwa na ji kamar an tuɓe mu a tsakiyar kasuwa.

Da labari ya kai wa Baba, bai yi faɗa ba. Ya ce, “Ya tona mani asiri. Kada ya sake taka mani gida.” Direban nan ya kai maka saƙon, na sani, don daga ranar ko gaisuwarka ba mu ƙara samu ba. Na ji haushinka ƙwarai, Yaya. Na daɗe ina jin sa.

Amma ga inda kaina ke ɗaurewa. Kwana kaɗan bayan haka, Inna ta fara tarar da abubuwa a bakin zaure da safe. Yau ƙwaryar jar dawa, gobe ɗan ƙullin garin rogo. Ba mai cewa shi ya ajiye. Baba yakan wuce su kamar bai gani ba, Inna ta kwashe. Da wannan muka kai ga ruwa. Ƙaninmu Sani, da ƙafafunsa suka fara kumbura, yau shi ke noma gonar Baba. Da ba a ji cikin rumbun nan ba, wa zai kawo wa mai cewa da sauransa?

To ka gaya mani, da gangan ka yi? Ka san Baba ba zai taɓa buɗe baki ba, shi ya sa ka buɗe mashi? Ko kuwa ƙarar ce kawai ta yi maka daɗi a kunne, ba ka ko tuna da mu ba? Na juya wannan tambayar tun ina budurwa har na yi furfura. Wata rana in ce kai ne mafi hankalinmu, wata rana in ce Gwaggo Hajara ta fi kowa gaskiya. Kiɗan kansa ma har yau ban san ko ina son sa ba. Na dai san ban taɓa iya kashe shi a tsakiya ba.

Akwai abin da ba ka sani ba, kuma dominsa na rubuto.

Da damina ta gaba ta yi kyau, aka ɗaure gero, aka cika rumbun har wuya. Ranar da aka rufe shi, Baba ya aike ni in aro rediyon Idi, in sayo kaset sabo. Na zaci wa'azi zai ɗauka. Sai ya ja ni bayan rumbun, daidai inda ka tsaya, ya ce in danna. Ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fito a dunƙule, mai nauyi, ba ta amsawa. Ya sake, ya sake. Sannan ya matso da bakinsa ya ce, “Lawali, ka ji wannan. In ka tashi, ka sa shi bayan wancan.” Ya miƙo mani ya ce in aika maka.

Na kai wa direban, ya ce ƙungiyarku ta watse, kai kuma ka yi arewa, wasu na cewa Agadas, wasu na cewa ka ƙetare hamada. Na dawo da kaset ɗin. Baba bai tambaye ni ba, amma daga ranar, duk lokacin da mota ta tsaya a bakin hanya sai ya gyara zama. Haka ya yi har ya koma ga Allah.

Na daɗe ban gane ko martani ya mayar maka ba, ko kiran ka yake. Yanzu da na kai shekarunsa, ina ganin mutum irin Baba ba shi da wata hanyar cewa ka dawo gida sai wannan.

Allah Ya jiƙan Baba da Inna, Ya sa sun huta. In kana raye, Allah Ya kare ka, Ya karkato da zuciyarka gida. In kuma ka riga mu, Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ku da Baba ku ƙarasa maganarku.

Samari suna ta gardama a kan rabin kiɗa, Yaya. Sauran yana cikin akwatina, naɗe a ɗankwalin Inna, ban taɓa bari kowa ya ji ba. Naka ne. Ka zo ka karɓa.

Taka har kullum,
Rakiya, Sarkin Tambaya