Gidan Gorton Ya Kuɓuce Mana

Zuwa ga Yaya Zinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Hajiya da yara duka. Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙin ƙafar nan. Mu ma nan Manchester lafiya lau, maigidana Aminullahi yana aikinsa, Khaulat ta shiga sakandare. Sai dai zuciyata ce ba daɗi.

Yaya, gidan nan na unguwar Gorton da muka daɗe muna haya, inda na haifi Khaulat, mai shi ya sa shi a kasuwa, ya kuma ce mu ya fara yi wa tayi. Muka nufi bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa, cike da murna, don neman lamunin sayen gidan. Kin san tarbiyyar Baba, ko gishiri ba ma karɓa bashi. Tun zuwanmu ƙasar nan ba mu taɓa karɓar katin bashi ba, muna ganin abin alfahari ne. Ashe shi ne laifinmu. Ma'aikacin ya ce ba su da shaidar muna iya biyan bashi, tunda ba mu taɓa ci ba. Na ce hayar da ba mu taɓa jinkirtawa ba fa? Ya ce ba ta cikin lissafinsu, suka hana mu. Wallahi na ji haushi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a nan wanda ba shi da shi ne abin zargi.

Wata Baturiya da muke aiki tare a asibiti, iyayenta ne suka tsaya mata da gidansu. Mu baƙar fata da muka sauka da akwati ɗaya, wa zai tsaya mana? Murja ta wajen Kawu, da ke Handsworth a Birmingham, ta ce ƙungiyarsu tana wayar da kan sababbin zuwa, tana kuma neman bankuna su riƙa duba biyan haya. Allah ya sa na bayanmu su amfana, mu kam an riga an sayar da gidan.

Jiya sababbin masu gidan suka zo auna tagogi. Ni na buɗe musu ƙofa, har na dafa musu shayi. Matar ta tambaye ni wane ɗaki ya fi ɗumi, don jaririnta. Na nuna mata ɗakin Khaulat.

Ki gaishe da Hajiya, da Yaya Bara'u, da Raki. A sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Ruƙayya