Jifan da muke sassauta wa Ammi Bakur

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana, mu da muke wannan harka a Jidda ba mu da yawa. Don Allah ku ba ni shawara. Na san wasu za su yi dariya su ce mutane na kawo matsalar aure da ta iƙama, wato takardar izinin zama, shi wannan ya kwaso ta wasan ƙwallo. Ku daure ku karanta, maganar ta wani dattijo ce da nake ɗauka kamar uba, kuma dole in ba shi amsa kafin Juma'ar nan.

Ni ɗan Najeriya ne, kwantiragi ya kawo ni, ina gyaran injinan sanyi a wata masana'anta a Madinar Masana'antu, ina zaune a Khumra. Farkon zuwana daga aiki sai ɗaki, ban san kowa ba. Wata rana wannan dattijo, zan kira shi Ammi Bakur, ya ga na cilla wa wani direba robar ruwa daga nesa ta faɗa hannunsa, sai ya tako ya yi mini sallama da Hausarsa mai rabin Larabci, ya ce asara ne a bar wannan hannun yana riƙon sifana kawai. Shi haifaffen nan ne, aikin hajji ya kawo kakanninsa suka zauna. A tashar jirgin ruwa ya yi aiki tun yana saurayi, a can ya koyi besbol a wajen 'yan Filifin, daga baya ya kafa ƙungiya ta yaranmu baƙaƙen fata da duk wanda ya ga dama. Shi ya koya mini wasan, shi ya kai ni asibiti lokacin da na kwanta, a gidansa nake cin abincin sallah.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, mutum ɗaya ke jefo ƙwallo da ƙarfi, wani ya buga da sanda ya ruga. In mai jifan farko ya gaji, sai a sa 'yan canji su ƙarasa wasan. Mai jifanmu na farko wani ɗan Filifin ne, gwani ne, amma lokacin aikinsa ba ya barinsa zuwa tirenin, sai dai ranar wasa. 'Yan canji mu uku ne, ni da Sani ɗan Maraɗi da Faisal haifaffen nan. Ammi Bakur kuma shi ne babban mai bugu, shekara da shekaru in ya ɗaga sanda 'yan ɗaya ɓangaren ja da baya suke yi.

Bara aka sallame shi daga tasha, aka ce shekaru sun kai. Ya yi kusan wata bai leƙo fili ba. Ranar da ya dawo tirenin ni ke jifa, na jefo ya kai bugu ya sami iska, na sake ya sake samun iska, yara suna tsaye suna kallo, kowa ya sunkuyar da kai. Wallahi ban shirya ba, hannuna ne kawai ya yi sanyi, na sassauta na gaba na miƙa masa a tsakiya. Ya maka ta ta haye katanga, ya yi dariya har da tafa cinya, ya ce ashe da saura. Da Sani ya karɓe ni shi ma ya yi yadda na yi, Faisal ma haka. Ba mu taɓa zama mun yi shawara ba, ko kallon juna ba mu yi ba, abin dai ya zama haka.

Matsalar ita ce tirenin ɗinmu sau ɗaya ne a mako, ranar Talata tsakanin la'asar da magariba, kuma in Ammi ya riƙe sanda babu mai cewa ya isa, wa zai buɗe baki ya ce wa dattijo ya ba yara wuri. To kusan duk jifan da mu ukun muke yi a mako, jifan ladabi ne. Ni da kaina ban san hannu yana koyon lalaci ba sai bana. Ranar wasa in shiga in ce yau zan saki da ƙarfi, sai in ji kafaɗar ta ƙi, ƙwallon ta tafi a hankali ta bi ta tsakiya kamar na aike ta. Ɗan Filifin ɗin zai bar mana wasa muna gaba, mu shiga mu zubar. Har 'yan sauran ƙungiyoyi sun gane, da sun ga ɗayanmu ya fara motsa hannu a gefe sai su hau murna, akwai wanda yake ce mana marhaban da baƙin alheri.

Shi kuma Ammi ranar Talata zaki ne, ranar Juma'a da ake wasa ba ya taɓa ƙwallo. Tun farkon gasar nan ban tuna ranar da ya yi bugu mai kyau ba. Idonsa ya saba da namu, in aka jefo masa na gaske, kafin ya juya sanda ƙwallon ta riga ta shige hannun mai cafewa. Ya canja sanda, ya canja tsayuwa, ya daina shan shayi kafin wasa, ya ce ko rana ce ke kashe masa ido. Kullum yana cewa bai gane ba, ga shi a tirenin lafiya lau. Mu kuma mu ce ma'alesh Ammi, lokaci ne, zai wuce.

Yanzu mu ne a ƙarshen tebur. Ka'idar masu shirya gasar, wanda ya ƙare a ƙarshe ya ba da wurinsa da lokacin filinsa ga wata ƙungiya mai jira, sai bayan shekara ya nemi dawowa. Duk wanda ya san ma'aikata a ƙasar nan ya san in aka watse shekara guda ba a sake haɗuwa, wani kwantiraginsa ya ƙare, wani kafili, wato ubangidan aikinsa, ya mai da shi wani gari. Wasa ɗaya ya rage, ranar Juma'a da safe, da waɗanda ke samanmu kaɗan. In mun ci mun tsira.

Juma'ar da ta wuce bayan an sake cinye mu, Ammi ya tara mu uku a gaban kowa ya wanke mu tas. Ya ce ba mu da zuciya, ya ce jifanmu kamar masu rabon sadaka a ƙofar masallaci, ya fi tsananta wa Sani don shi ya ba da bugun ƙarshe. Na ga Sani zai yi magana, na taka masa ƙafa. A mota bayan mun sauke Ammi, Sani ya ce shi ya gaji, ana zaginsa a kan laifin da ya yi don kunya, ranar Talata ko dai ya yi jifan gaskiya ko ya ajiye safar hannunsa ya bar wasan. Faisal ya ce haram ne a tozarta dattijo, suka yi ta musu rabi Hausa rabi Larabci. Ni ina tuƙi. Gaskiya ba abin da na ji a raina, ba haushi ba tausayi, kamar ana hira a rediyo.

Jiya Talata Sani ya cika maganarsa. Ya tattara duk abin da ya rage a hannunsa ya saki, Ammi ya kai bugu ya rasa, ya sake ya rasa, ya sake ya rasa. Sai ya juyo yana murmushi ya ce wa yara kun gani, faɗa ya yi amfani, yau Sani ya tashi daga barci. Daga nan ya ce yalla, in zo in karɓa. Na karɓa, na tsaya, na yi niyyar in yi kamar Sani, hannun ya yi abin da ya saba. Ammi ya buga ta yi sama, amma bai bi ta da kallo ba kamar kullum, ni yake kallo. Ya ce in sake. Na sake, wannan karon ko sanda bai ɗaga ba, ya miƙa hannun hagu ya cafe ƙwallon da tafinsa, ba safa ba komai. Ya juya ta a hannunsa, ya ajiye a ƙasa, ya ce halas, a tashi, magariba ta yi.

Ni nake kai shi gida can wajen Balad, tsohon gari, don tun da ya bar aiki ya bar wa ɗansa motar. Muka yi rabin hanya. Sai ya ce, “Ya waladi, ɗana, tun yaushe?” Na ce tun ranar da ya dawo. Ya ce, “Ku duka ukun?” Na ce e. Ya gyaɗa kai, ya tambaye ni ko na'urar sanyin motar nan ta samu matsala ne, na ce a'a, ya ce to. Na yi zaton zai zage ni, da ya zage ni ma da na fi jin daɗi. Da muka iso ƙofar gida ya riƙe murfin mota ya ce shi yanzu bai san mene ne nasa ba mene ne aka ba shi a shekarar nan, don haka ba zai iya yanke wa kansa hukunci ba. Ya ce ranar Juma'a ni zan tsara masu shiga, in na ce ya buga zai buga, in na ce ya zauna zai zauna, in kira shi ranar Alhamis in faɗa masa ko ya fito da sandarsa. Ya ce in ba Sani haƙuri a madadinsa, ya shiga ya rufe ƙofa.

Tun jiya nake jiran in ji wani abu, kuka ko nadama, shiru. Na je aiki na kwance inji na ɗaure, na ci abinci, an yi mini magana na amsa. Kaina dai yana ta juya abu ɗaya. In na sa shi, zai ce tausayin ne bai ƙare ba, kuma in ya sake rasa bugu a lokacin da ake bukata, ƙungiyar da ya kafa za ta mutu a hannunsa a gaban kowa. In na zaunar da shi, akwai yaro mai kaifin ido da zai shiga wurinsa, wataƙila mu ci, amma na san Ammi, mutumin da aka sallama daga tasha in aka sake sallamarsa daga fili ba zai ƙara takowa ba, kuma ba shi da wani wurin da ake jiransa. Abin da ya fi tsaya mini, ko na zaunar da shi ba tabbas, don mu ukun hannunmu bai gyaru ba, kwana biyu ba sa mai da abin da shekara ta ɓata. Ana iya ba mu wasa muna gaba mu zubar kamar kullum, ka ga na karya dattijo a banza.

Sani ya ce a zaunar da shi, gaskiya ya nema a ba shi gaskiya. Faisal ya ce a bar shi ya buga ko da za a kore mu daga gasar, filin nasa ne kafin ya zama namu. Ni ban san wanne ne girmamawa ba a cikin biyun, da na ɗauka na sani.

'Yan uwa, musamman masu iyaye da suka manyanta, da waɗanda suka taɓa ɓoye wa babba gaskiya don kada ransa ya ɓaci, ku faɗa mini. Gobe Alhamis, kuma na san wayar tana kusa da shi. In ya ɗauka ya ce na'am ya waladi, me zan ce masa, ya fito da sandar ko ya bar ta a gida?