Sanarwar da Ba Ta Isa Miga Ba

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Baffa Mika'ilu, ƙanen Baba, ya rasu da hantsi a asibiti nan Dutse. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya fito daga ɗakin, idonsa ja, ya ce, "Munira, sanar da 'yan'uwa, bayan Azahar za a kai shi." A tsaye na rubuta a guruf ɗinmu na dangi a WhatsApp. Kafin mu iso gida addu'o'i sun cika wayar. Da Baba ya tambaya, ce masa na yi kowa ya ji.

Talata, 7 ga Oktoba

Ba kowa ya ji ba.

Gwaggo Talatu, yayarsu Baba da ke aure a Miga. Ita ta goyi Baffa bayan rasuwar mahaifiyarsu. Wayarta ƙarama ce mai madannai, ba ta cikin guruf. Na sani sarai, ni na buɗe guruf ɗin.

Yau da safe wata maƙwabciyarta ta shiga yi mata ta'aziyya. Wai Gwaggo tana ba awaki dusa, ta ɗago ta ce, "Ta'aziyyar wa?"

Jiya a gidan makoki an yi ta cewa tana hanya. Kowa ya ɗauka wani ya kira ta.

Laraba, 8 ga Oktoba

Tun jiya da la'asar ta iso. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna ƙofar ɗakin Baffa, ta ce, "Da an gaya mini da na samu mota. Ko fuskarsa na gani kafin a fita da shi."

Baba ya durƙusa ya ce, "Yaya, laifina ne, kaina ne ya ɗau zafi." Ina gefe riƙe da tiren shayi. Na bar shi ya ɗauki laifin.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na duba wayata. Kiran Gwaggo uku cikin watan jiya, ban mayar da ko ɗaya ba. Ranar kiran ƙarshen har hoton ɗanwake na ɗora a guruf, na tuna.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Bayan an sauko daga masallaci na ga Gwaggo ta ciro wayarta daga bakin zaninta ta ajiye a cinya. An ɗaure murfin bayan da kyauro. Ta daɗe tana kallonta. Umma ta raɗa mini cewa duk Juma'a war haka Baffa yake kiranta, shekara da shekaru.

Na shige kicin na hau wanke tukwanen da an riga an wanke.

Lahadi, 12 ga Oktoba

An yi addu'ar bakwai, baƙi sun watse. Na sami Gwaggo ita kaɗai tana ɗaure kayanta. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ba Baba ba ne. Ni aka sa, ni ce ban kira ki ba."

"Na sani," in ji ta. "Ubanki bai iya ƙarya ba tun yana yaro."

Ta ce in nuna mata wurin da na rubuta. Na buɗe na miƙa. Ba ta karatun boko, amma ta tsaya kan hoton Baffa da na saka, na ɗaurin auren Bilki 'yarsa, yana dariya. Ta shafa da ɗan yatsa, hoton ya gudu, ta janye hannu da sauri kamar ta yi ɓarna. Na dawo mata da shi.

"Mutum nawa suka ga wannan?"

Na ce arba'in da uku.

"Arba'in da uku," ta ce. Sai ta ci gaba da ɗaurin kaya.

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ba shi na so ji ba. Ban kuma cancanci fiye da haka ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

A guruf har an koma turo bidiyon barkwanci. Ni ma na yi dariyar ɗaya kafin na tuna.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na kai hoton Baffa an wanko mini shi a kati, na hau mota zuwa Miga. Na tarar suna ɓarar wake a tsakar gida. Gwaggo ta karɓi hoton, ta goge da gefen mayafi, ta shiga ɗaki da shi. Ta jima ba ta fito ba. Da ta fito sai ta turo mini ƙwarya, ta ce, "Zauna ki sa hannu." Har Azahar muna ɓara, magana ba ta fi biyar ba.

Wajen sauka daga mota a Dutse wayata ta faɗi, gilashin ya tsage. Na kai wa mai gyara. Umma ta ara mini tsohuwar ƙaramar wayarta.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Hannuna sai kai wa jaka yake yi, babu abin dubawa. A makarantar da nake aiki malamai sun ce sun turo jadawalin jarrabawa ban gani ba, sai da na kwafa da biro.

Na kira Gwaggo jiya, na kira yau. Na jiya minti ɗaya, gaisuwa kawai. Yau kuwa ita ta ja zancen. Wai Baffa yana ɗan shekara huɗu ya ɓata a gonar dawa, ta yini tana nemansa tana kuka, ashe barci yake yi a gindin kuka. Ta yi dariya, labarin ya ƙare. Ba wanda ya kashe wayar. Can ta ce, "To, 'yar nan, jeki kar katinki ya ƙare."

Ban ce na bar babbar waya ba, aiki ma ba zai bar ni ba. Mai gyara ya kira sau biyu, wai an gama tun Talata. Na ce masa gobe. Jiya ma haka na ce.