Rasuwar Mai Shari'a Ozias Wendover a Kan Hanyar Kotu

Cikin alhini da zuciyar da ta ƙi kwanciya, Ƙungiyar Matuƙa Jiragen Ruwa ta garin Saltmarsh na sanar da 'ya'yanta na tudu da na kan teku, da ɗaukacin jama'a, cewa ta samu labarin rasuwar Mai Girma Mai Shari'a Ozias Wendover, alƙalin kotun tarayya na wannan yanki, tsohon wakilinmu a Majalisar Wakilai ta ƙasa, kuma uban wannan ƙungiya, wanda rai ya yi wa halinsa da hantsin Talata a wani masaukin matafiya da ke kan hanyar Cranmoor.

Marigayin ɗan masunci ne, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Ya ɗauki bindiga a yaƙin neman 'yanci tun gemu bai fito masa ba, ya dawo ya karanci shari'a, sannan mutanen wannan gaɓa suka tura shi majalisa har sau biyu. A can ya yi suna wajen yawan miƙewa yana sukar bulalar da ake yi wa matuƙa a tsakiyar teku, har abokan zamansa suka riƙa tsokanarsa cewa akwai ƙaya a kujerarsa. Da aka naɗa shi alƙali ma bai sauya ba. Fiye da shekara ashirin yana bisa doki daga wannan kotu zuwa waccan, damina da hunturu, kuma a cikinmu akwai waɗanda ya ba gaskiya, akwai waɗanda ya kayar, amma babu wanda ya taɓa cewa an yanke masa hukunci ba a saurare shi ba.

Ba za mu ɓoye wa jama'a abin da ya fitar da shi daga gida ba. Tun kaka 'yan'uwanmu matuƙan jirgin Prudence Hale suke tsare a kurkukun Cranmoor. Kyaftin ɗinsu ya umarce su da su karkata zuwa gaɓar Afirka a ɗauko bayi, suka ƙi, suka juyo da jirgin gida, masu jirgin kuma suka kai su ƙara da laifin tawaye, laifin da kan kai mutum ga igiyar rataya. Shari'ar tasu kuwa zuwan marigayin take jira. Sanyin bana ya riga ya kashe ɗaya daga cikinsu, Josiah Treadwell. Da wannan labari ya iso, Mai Shari'a na kwance da ciwon ƙirji, likita ya hana shi ko leƙa ƙofa, mai ɗakinsa Uwargida Mehitable kuwa ta ɓoye masa takalman hawa. Ita ta shaida mana abin da ya ce da ita, da sunan da yake kiranta a gida: "Hitty, ni ina da murhu da bargo, su suna kwance kan dutse. Miƙo min takalmana." Ta miƙa masa. Bai kai Cranmoor ba.

Ba mu san hukuncin da zai yanke ba, domin bai faɗa wa kowa ba, ko a gidansa. Abin da muka sani shi ne kotu ta zama babu alƙali, hanyar babban birni ta toshe da ƙanƙara, matan 'yan'uwanmu da ke tsare kuma suna ta zarya zuwa ofishinmu da tambayar da ba mu da amsarta. Saboda haka ƙungiya na roƙon mahukunta da kada su bar wannan kujera ta daɗe a wofi.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Uwargida Mehitable, da 'yarsu Keziah, da jikoki. Allah ya jiƙansa, ya karɓi baƙuncinsa, ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a a tsohon cocin bakin gaɓa. Iyalin sun nemi kada kowa ya sayi baƙin ƙyallen makoki. Duk mai niyya ya zo da itace ko bargo, domin keken dokin da zai kai gawa makabarta, daga can kurkukun Cranmoor zai wuce da su.

Lemuel Ashcroft,
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiyar Matuƙa Jiragen Ruwa ta Saltmarsh,
Janairu, 1819.