Jarkokin Bayan Ɗakin Mai Jego

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025
'Yata Sadiyya ta sauka lafiya. Namiji! Jikana na fari. Don murna, rubutun ya karkace kamar ranar da na fara ajin yamma. Alhamdulillahi. A nan gida za ta yi wankan jego.

Litinin, 14 ga Afrilu
Sun sa masa sunana, Muhammadu Lawal. Na ce wa matata Dela ga sabon ango nan, ta tattara ta koma wurinsa. Ta ce dama ya fi ni ƙamshi.
Na yi wa kaina alkawari: yaron nan da ƙuruciyarsa zai shiga makaranta, ba da furfura irina ba. Ke nan teburin fetur ɗin nan nawa dole ya girma.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Na ƙaro jarkoki daga wani gidan mai a Kazaure. Yanzu ba na jiran 'yan acaɓa su tsaya, ni nake fita bakin titi ina ɗaga musu kwalba. "Har wuya, Baba Lawal!" Har wuya nake cikawa. Mutanen Nijar masu zuwa cin kasuwar Babura ma sun gano ni. Zaure ya cika, sauran na jera su a rumfar bayan ɗakin Sadiyya.

Asabar, 19 ga Afrilu
Zafi. Jarkokin sun kumbura, da rana har huci suke. Na lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu.

Talata, 22 ga Afrilu
Surukata Hajja Kaka ce ke dafa ruwan wankan, safe da yamma, cikin rabin ganga. Wuta ce ta gaske, kuma murhun yana gefen rumfar. Yau ta tare ni, ko kallona ba ta yi ba.
"Malam, ko wutata ko manka."
Na durƙusa na ce ai a rufe suke, Hajja.
"Hancinka ne a rufe," in ji ta.
Ni dai na daɗe ban ji warin ba. Su wai ko a tuwo suna jin sa.

Juma'a, 25 ga Afrilu
Ciniki kamar ba a taɓa yi ba. Wanka ba ya tsayawa sai an yi arba'in, kasuwa kuma yanzu take ci, kafin damina ta ɓata hanyoyi. Domin wa nake yi? Ba domin jikan nan nawa ba?
Takwara ya wuni yana atishawa. Mura ce, ina jin.

Lahadi, 27 ga Afrilu
Da la'asar iska ta juya. Tartsatsi ya faɗa kan buhun, ashe ya bushe ban lura ba. Dela ce ta gani, ta danne shi da tafin hannunta. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi mini faɗa ba. Ta shiga ta ɗauko yaron, suka zauna a ƙofar gida har magariba. Sadiyya ta tambaye ni, "Baba, me ya samu hannun Inna?" Na fita alwala.

Laraba, 30 ga Afrilu
Na sayar wa Daudu mai teburin tasha jarkokin, a yadda na saro su. Ba don komai ba, bayana ne ke ciwo, ɗauka ta yi mini yawa. Na bar kwalabe kaɗan a waje. In na warke zan koma Kazaure.
Ɗazu wani ɗan acaɓa ya tsaya yana ta danna hon. Na yi masa alama da hannu ya wuce tasha. Yaron yana barci a cinyata.