Tagar da Na Buɗe a Ɗakin Gwajin Maigidana

Anti, don Allah ki ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a rai. Maigidana farfesa ne a kimiyyar sinadarai, ɓangaren masu auna zafi da saurin narkewar abubuwa. Shekara talatin da biyu ina aure da mutumin da ko shayi ba ya kurɓa sai ya tsoma masa ma'aunin zafi.

Sunan da ya yi a duniya a kan lamba ɗaya ya yi shi. Muna sabon aure ya auna saurin narkewar wani gishiri a ruwan ɗumi, ya buga sakamakon a mujalla. Tun daga nan masana ke ambaton lambar a rubuce-rubucensu. Kullum da safe sai ya duba kwamfuta ya sanar da ni an ƙara ambatonsa, ni kuwa in ce ma sha Allah, ina yanka burodi.

To, akwai ɗalibarsa da ya rena tun tana ajin farko, yanzu ita ma Dakta ce, Mama take kira na. Ta sake awon da sabuwar na'ura har sau shida, ta ga lambar Malam ta kauce kaɗan. Yarinya mai ladabi, ba ta buga ba, sai ta kawo masa takardar har gida tana roƙon ya sa sunansa tare da nata. Mako uku ke nan takardar na ƙarƙashin tiren shayi. Ba ya ɗaukar wayarta, abinci sai tsakura, ga shi mujallar da za ta buga aikin ta ba ta wa'adi zuwa ƙarshen wata.

Ga inda nawa laifin yake. A lokacin da yake wancan awon na farko, ni ke kai masa abincin rana ɗakin gwaji. Wari ya ishe ni, shi kuma ya hana a taɓa taga saboda kada zafin ɗakin ya canja. Da ya fita wanke hannu sai in buɗe ta in sha iska, in rufe kafin ya dawo. Kusan wata biyu ina haka. Yanzu gani nake ni na ɓata masa lambar, kuma wallahi tausayinsa nake ji. In faɗa masa, ko in ja bakina in yi shiru?

Matar Farfesa

Matar Farfesa, sannu da ɗawainiya. Na sha jin matan da suka ɓoye wa miji ƙonewar tukunya, amma wadda ta shiga tarihin kimiyya ta taga, ke ce ta farko.

Ban san sinadarai ba, saboda haka ba zan rantse iskarki ba ta taɓa komai ba. Sai dai mutumin da ke auna shayi, da wuya a ce bai riƙa rubuta zafin ɗakin gwajinsa a littafi ba. Ki faɗa masa, ki ce ya ɗauko tsofaffin littattafan ya duba. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi, kin ci bashin wannan. Ina ma zaton zai fi jin daɗin samun abin bincike a kan zaman jugum da yake yi.

Shi ma kada ki ga baikensa da yawa. Mutum ya wuce sittin, a ce abin da aka san shi da shi yana da gyara, dole ya ji zafi. Amma ki tuna masa wanda ya koya wa yarinyar nan maimaita awo sau shida. Da ta ga dama da ta buga abinta ita kaɗai, ya tsinci labarin a mujalla kamar kowa. Lambar za a gyara ta ko ya sa hannu ko bai sa ba. Abin da zai iya rasawa shi ne ɗalibar da ta tako har falonsa don kada ya ji kunya.

Kada ki kai gobe. Ki yi naki bayanin, sannan ki danna lambar wayar Dakta ki miƙa masa wayar, ki tsaya a kansa har ya yi sallama. Tana can tana zaton ta rasa uba. Allah ya sanyaya zuciyar Malam, ya bar ku tare.

Anti