Hannun Baba Uku

Litinin, 3 ga Maris

Yaya ya bar min tsohuwar kyamararsa. Allah ya saka masa da alheri. Abu ɗaya nake so: hoton Baba a shagonsa na gyaran agogo, a teburinsa na bakin taga. Shekara arba'in yana zaune a wurin nan, ko hoton kirki ɗaya ba mu da shi.

Mama ta sake tado maganarta, wai hannun Baba yana rawa, a kai shi asibiti. Shi ya ce ƙalau yake. Ni ma na ce haba Mama, mutumin da yake ɗaura sukurun da bai fi ƙwayar yashi ba? Ke dai rage rowa, kullum rabin kofin shayi kike zuba masa.

Laraba, 5 ga Maris

Hoto goma sha biyu, duk shara. In Baba ya fito, taga ta yi fari fat. In taga ta fito har da bishiyar titi, Baba ya koma baƙi ƙirin. Ya leƙa ya ce, "To wannan aljanin na wane gida ne?"

Asabar, 8 ga Maris

Na kai kukana wurin mai ɗaukar hoton da ke maƙwabtaka da shagon Baba. Duba-Nan ake ce masa, don kalmar ba ta barin bakinsa. Ya ce idon mutum yana ganin haske da duhu lokaci guda, kyamara kuwa sai an yi mata dabara. Hoto uku ake ɗauka na abu ɗaya: mai duhu don taga, tsaka-tsaki, da mai haske don cikin shago. Sai manhaja ta haɗe su, ta tsinci mai kyau daga kowanne. Wai HDR sunansa.

Ya sa min manhajar a kwamfutata, ya ara min abin ɗora kyamara mai ƙafa uku. Sharaɗi ɗaya: kada komai ya motsa tsakanin ukun. Na yi ta godiya har ya kore ni.

Lahadi, 9 ga Maris

Na gwada da shagon babu kowa. Ya yi! Wallahi ya yi! Ga agogunan bango, ga bishiya, duk a hoto ɗaya.

Sai zumuɗi ya kwashe ni, na ja kowane maɓalli har ƙarshe. Sama ta yi kamar za a tashi duniya, teburi kamar an shafe shi da mai. Duba-Nan ya yi dariya har da hawaye, ya ce gishiri ne, 'yata, ba a juye shi duka a tukunya.

Alhamis, 13 ga Maris

Na ɗauki Baba, hantsakinsa a hannu, agogo a buɗe gabansa. Na ce kar ya motsa. Ya ce, "Ni kike koya wa? Tun ba a haife ki ba nake riƙe numfashi a kan teburin nan."

Na haɗa hotunan. Fuskarsa tar, har farin gashin gira. Amma hannun dama ya fito uku, ɗaya kan ɗaya. Ni na taɓa kyamarar, ba shakka.

Asabar, 15 ga Maris

Sau biyar na sake. Sau biyar hannu uku.

In kyamara ce ta motsa, ai da fuskar ma ta ɓaci. Na san haka tun Alhamis.

Duba-Nan ya nuna min wani maɓalli, na cire fatalwa. Yana zaɓar hannu ɗaya ya share sauran. Na danna, hannun Baba ya tsaya cak kamar na da. Sai Duba-Nan ya ce tun bara in sukuru ya gagari Baba, shi yake kira ya ɗaura masa. Baba ya roƙe shi kar ya faɗa a gida.

Na yi kuka a shagon mutane. Bawan Allahn nan, shekara guda yana rufa wa ubana asiri.

Talata, 18 ga Maris

Na wanko duka biyun, na sa a ambulan. Na miƙa wa Baba gyararren, ya yi murna, ya ce ashe haka yake da kyau. Sai ya ce, "Na cikin ambulan fa?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na miƙa masa. Ya maƙala gilashin aikinsa a ido, ya sunkuya a kan hoton kamar yadda yake yi wa agogon da aka kawo gyara. Ya daɗe.

"Gaya wa uwarki ta nemo katin asibitin."

Juma'a, 21 ga Maris

Mun ga likita. Akwai magani, akwai gwaje-gwaje a gaba. Ya ce gara da muka zo yanzu. Alhamdulillahi.

Gyararren yana bangon shago. Ɗayan yana nan cikin littafin nan, ban san dalili ba.

Da muka dawo ni na zuba wa Baba shayi. Sai da na ajiye butar na ga rabin kofi na zuba. Mama ta kalli kofin, ta miƙo min sukari.